Kundin neman ƙarin girma: abin da Google Scholar ya ƙirga da abin da Scopus ya ƙi

Sanarwar ƙarin girma a jami'armu takan fito daga ofishin rajistara, ta bi ta hannun shugabannin tsangayoyi ta sauko sassa, kuma duk malamin da ya cika shekara uku a kan matakinsa yana da damar cike fom. Ni a sashen nazarin jini nake koyarwa a nan Gombe, matakin da na nema kuwa shi ne na mataimakin farfesa. Daga wannan matakin zuwa sama, kwamitocin cikin gida ba su ke da maganar ƙarshe ba. Idan sun gamsu, sai a kwashi maƙalun mutum a aika wa farfesoshi uku na wasu jami'o'i, waɗanda ba za a gaya maka sunayensu ba, kuma sai biyu daga cikinsu sun ce ka isa sannan ka isa. Wannan tsohon tsari ne, kowa ya san shi. Sabon abu shi ne shafin ƙarshe na fom ɗin, inda ake neman lambar ORCID ta shaidar mai bincike, da adireshin shafinka na Google Scholar, da lambarka ta Scopus, da jimillar ambaton da aka yi wa ayyukanka, da ma'aunin h. Malamanmu da suka zama farfesoshi a shekarun 1990 ba wanda ya tambaye su irin waɗannan, yawancinsu ma babu su a lokacin. Scopus da Google Scholar, rumbunan intanet masu tattara maƙalun bincike da ƙirga ambatonsu, duk a 2004 aka buɗe su, ORCID kuwa sai 2012.

Ambato dai shi ne wani mai bincike ya rubuta tasa maƙalar, ya kafa hujja da taka, ya sa ta cikin jerin manazartarsa. Duk wanda ya yi haka an ƙara maka ɗaya. Ma'aunin h kuma wani masanin fiziya ne a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005. Idan aka ce h ɗinka 8 ne, to kana da maƙalu takwas da aka ambaci kowace aƙalla sau takwas. Ko da an ambaci guda daga ciki sau dubu, ba za ka hau 9 ba sai ka sami maƙalu tara da kowace ta kai tara. Manufar ita ce kada mutum ya yi suna da maƙala ɗaya tak da ta yi farin jini, kada kuma wani ya yi tunƙaho da maƙalu hamsin da ba wanda ya waiwaya.

Aikin da ya fara cinye mini lokaci ba na kimiyya ba ne, na suna ne. Waɗannan rumbunan an gina su a kan al'adar mutanen da kowa ke da sunan iyali guda wanda ba ya motsi. Mu a nan suna na yanka ne, sai na mahaifi, wani lokaci a ƙara na kaka ko na gari. Wata mujalla ta ɗauki sunan garinmu a matsayin sunan iyalina, wata ta ɗauki na mahaifina, wata kuma ta kife abin gaba ɗaya ta mai da sunana na yanka shi ne na iyali. Ga shi kuma sunan nawa yana cikin waɗanda ake rubutawa ta fuska huɗu: Muhammad, Mohammed, Muhammed, Mohammad. Da na shiga Scopus sai na tarar an raba ni gida uku, kowane da lambarsa da 'yan maƙalunsa, ɗaya ma har yanzu yana jingine da asibitin da na yi aiki kafin in dawo koyarwa. Shi kuwa Google Scholar ba ya rabawa, tarkatowa yake yi. Ya ɗora mini maƙalun wani mai binciken takin zamani da na wani injiniya a Malesiya, don kawai harufan farkon sunayenmu sun zo ɗaya. Na san malaman da kan ga irin wannan su kau da kai, tunda lissafin sama yake yi. Ni ban ga dabarar ba, domin mai tantancewa na waje buɗe shafin kawai zai yi ya ga malamin jini yana rubutu a kan takin masara. Na goge su ɗaya bayan ɗaya, na kuma kashe wurin da ke ba shi damar ƙara mini maƙala ba tare da ya tambaye ni ba.

Gyaran Scopus sai da na dangana da ɗakin karatu, wurin wani matashi mai kula da sashen intanet, wanda a wannan watan ya fi shugaban tsangaya yawan baƙi.

"Dokta, kafin mu taɓa komai, ka ba ni ORCID ɗinka tukuna," in ji shi. "Idan muka haɗe ukun nan ba mu ɗaure su da ita ba, baɗi ma sai ka dawo."

ORCID jerin lambobi 16 ne da ake ba mai bincike kyauta, ya riƙa sa su a duk maƙalar da zai aika, ta yadda ko yaya aka rubuta sunansa na'ura za ta gane mutum ɗaya ne. Muka haɗa ta da shafin Scopus, muka cike fom ɗinsu na neman haɗe bayanan marubuci, muka zaɓi rubutun sunan da nake so ya tsaya. Amsa ta zo ta imel bayan 'yan makonni.

Da komai ya daidaita sai lambobin biyu suka tsaya gefe da gefe, h ɗina a Google Scholar ya kusa ninka na Scopus. Ba kuskuren kowa ba ne, abin da suke ƙirgawa ne ya bambanta. Google Scholar yana bin intanet yana tsintar duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi: kundin digirin ɗalibai, takardun taro, maƙalun da ba a kammala tantancewa ba, wani lokaci har ya ƙirga abu ɗaya sau biyu. Scopus, mallakar kamfanin Elsevier, yana da jerin mujallun da ya amince da su, kuma sai maƙalarka tana ciki, wadda ta ambace ka ita ma tana ciki, sannan a rubuta maka ɗaya. Web of Science na kamfanin Clarivate ƙofarsa ta fi ma ta Scopus ƙunci. Saboda haka idan likita a Azare ko Jalingo ya kafa hujja da aikina a wata mujallar gida da ba ta cikin jerin, a wurin Scopus kamar ba a yi ba.

Daga nan sai rarrabe mujallu. Kwamiti yana so a gaban kowace maƙala a rubuta rumbun da mujallarta take, a kuma haɗa da shaida a takarda. Waɗanda ke PubMed, na Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka, ba su da gardama. Mujallun gida da dama suna kan AJOL, dandalin mujallun Afirka da ke da mazauni a Afirka ta Kudu, wasu kuma suna kan DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta. Guda ɗaya ce ta ba ni ciwon kai: tana cikin Scopus a shekarar da muka buga, daga baya aka cire ta. Scopus yana fitar da jerin mujallun da ya daina ɗauka tare da inda ya tsaya da kowace, don haka na buga wannan shafin na ja layi a ƙarƙashin shekarar, na maƙala shi a bayan maƙalar.

Dalilin duk wannan bin diddigi mujallun bogi ne, masu aiko da imel suna kiranka babban masani, su karɓi kuɗi, su buga maƙala cikin mako guda ba tare da kowa ya karanta ba. Wani ma'aikacin ɗakin karatu a Jami'ar Kolorado da ke Denba, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tara sunayensu har ya rufe jerin nasa a farkon 2017, amma kwafinsa na nan yana yawo a wayoyin 'yan kwamiti. A 2013 kuma wani ɗan jarida, John Bohannon, ya haɗa maƙalar ƙarya a kan maganin cutar daji, cike da kurakuran da ɗalibin ajin farko zai gano, ya aika wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Abin da ya tsaya mini a rai game da wannan gwajin shi ne sunayen marubuta da cibiyoyin da ya ƙirƙiro duk masu kama da na Afirka ne, don kada edita ya yi mamaki idan ya nema a intanet bai ga komai ba. Ya yi daidai a lissafinsa, wannan kuwa shi ne abin takaicin.

Akwai kuma layin ma'aunin tasirin mujalla, wanda ya samo asali daga aikin Eugene Garfield. Lissafinsa mai sauƙi ne. Na 2023, alal misali, shi ne yawan ambaton da aka yi a 2023 ga abin da mujallar ta buga a 2021 da 2022, a raba da yawan maƙalun waɗannan shekaru biyu. Mujalla yake aunawa ba maƙala ba, kuma tun 2012 wasu editoci da masana suka haɗu a San Faransisko suka tsara sanarwar da ake kira DORA, suna cewa a daina auna mutum da shi wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma. Fom ɗinmu dai yana da layin, na cike.

Inda na daɗe ina juya alƙalami shi ne wurin da aka ce mai nema ya zaɓi maƙalunsa da ya fi ganin darajarsu, ya yi bayani a taƙaice. A nan ne maƙalu biyu suka tsaya mini.

Ta farko aikin haɗin gwiwa ne na ƙasashe da yawa lokacin korona. Marubutan ɗaruruwa ne. Gudummawarmu ita ce mu tattara bayanan majinyata mu shigar a wani shafi, kuma mun yi aikin tsakani da Allah, amma ban tsara binciken ba, ban yi lissafinsa ba, ban rubuta ko jimla ɗaya ba. Wannan maƙalar ita kaɗai ta fi duk sauran nawa ambato idan aka haɗa su.

Ta biyu a kan saran maciji ce. Duk wanda ya san kudancin Gombe ya san Kaltungo da asibitinta na masu saran maciji, inda ake kawo majinyata daga Taraba da Adamawa da Bauchi da Borno, musamman lokacin shuka da girbi. Macijin da ya fi yin ɓarna shi ne kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe da nisa. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi da tsofaffin raunuka, wani lokaci har a cikin kai. Akwai gwaji mai arha da ake gane haka da shi: a ɗebi jini kaɗan daga jijiya, a zuba a kwalbar gilashi mai tsabta busasshiya, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata ta. Idan jinin ya zubo kamar ruwa, dafi ya shiga jiki, a ba da maganin dafi. Sharaɗin shi ne gilashi, domin gilashin ne ke tayar da daskarewar. Idan aka yi a cikin roba ko a bar shi a sirinji, jinin lafiyayye ma yana iya ƙin daskarewa, a ɓarnatar da magani mai tsada a kan wanda ba ya bukata. Mun bi ƙananan asibitocin karkara mun duba yadda ake gwajin da irin kwalaben da ake amfani da su, muka rubuta, muka buga a wata mujallar ƙungiyar likitoci ta gida. Ambaton da ta samu bai cika yatsun hannu ɗaya ba, a Scopus kuwa babu ita sam. Amma ita ce na taɓa gani an yi fotokwafin shafinta an manna a bangon ɗakin gwaji, ita ce kuma malaman makarantar koyon aikin lafiya suka nemi izinin koyarwa da ita.

Ba wai saran maciji ba ya samun ambato ba ne. Gwajin da aka yi a Kaltungo a kan majinyata 400, inda aka kwatanta maganin EchiTAb G da ake haɗawa a Birtaniya da EchiTAb-Plus na Kosta Rika, an buga shi a PLOS Neglected Tropical Diseases a 2010, kuma har yau masu rubutu a fagen suna komawa gare shi. Sai dai fagen ƙarami ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ne ke mutuwa duk shekara sakamakon saran maciji, amma sai a 2017 ta mai da shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Masu mutuwa manoma ne da makiyaya, masu jinyarsu kuma ba sa rubuta maƙala. Ambato kuwa daga hannun masu rubutu kaɗai yake fitowa. A ƙidayar da mujallar Nature ta fitar a 2014, maƙalar da ta fi kowace ambato a tarihi ita ce ta Oliver Lowry da abokan aikinsa ta 1951, a kan hanyar auna furotin a ɗakin gwaji, da ambato sama da 300,000. Ba ta warkar da wata cuta ba, hanya ce da dubban masu rubutu suke bi kullum su kuma faɗi daga inda suka samo ta.

Na kai wa shugaban sashenmu daftarin, dattijo ne da ya koyar da ni tun ina ɗalibi. Ya karanta, ya ga na sa ta maciji a farko, ya cire tabarau.

"Malam, wannan ta Kaltungon ka fi so, na sani. Amma ka san 'yan kwamitin sama lamba suke fara dubawa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta koronar idan aka tambaye ni me na yi a ciki, amsar ba za ta cika layi biyu ba."

"To ka rubuta layi biyun, kada ka ɓoye ta, kada kuma ka yi ado da ita. Ita kuma wannan ka haɗa da wasiƙar makarantar da ta nemi koyarwa da ita. Farfesan da zai karanta a waje ba ɗan kwamiti ba ne, shi karantawa zai yi."

Haka na yi. Tsarin makinmu ma ya ɗan rage wa ta koronar ƙarfi, domin ana raba makin maƙala ne gwargwadon yawan marubuta da matsayin mutum a jerin, na farko ya fi samu, wanda ke can tsakiyar ɗaruruwa kuma ɗan abin da zai samu bai taka kara ya karya ba. Ke nan maƙala ɗaya ta kumbura shafin ƙarshe na fom, a shafin maki kuma ta tsuke.

Wannan rabon makin shi ke haifar da cinikin da ake yi a ofisoshi, ka sa sunana a taka in sa naka a tawa, ka ambace ni in ambace ka. Ƙa'idar kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya a fili take: marubuci shi ne wanda ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutun ko gyaransa, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda zai amsa tambaya a kan aikin. Huɗun duka ake so. Amma ina fahimtar abin da ke tura mutane. Mujallu da yawa da kowa ke iya karantawa kyauta marubuci ne ke biya, sau da yawa sama da dala dubu, Nature ma da ta buɗe wannan ƙofar a 2021 Yuro 9,500 ta yanka. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a farkon 2024. Wasu kamfanonin kan yafe kuɗin ga ƙasashe mafi talauci, amma Bankin Duniya ya sa Najeriya a rukunin masu matsakaicin samu, don haka sau da yawa rangwame ake yi mana ba yafiya ba. Tallafin bincike na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, yana taimakawa ga wanda ya samu. Wanda bai samu ba sai ya nemi abokai biyar a yi karo-karo, duk wanda ya ba da kuɗi kuma yana son ganin sunansa.

Sauran aikin na takarda ne. Aka yi fotokwafin kowace maƙala tare da bangon mujallar da shafin sunayen editoci, aka ɗinke su kundi-kundi, kwafi da yawa, har na fita daga shagon da kwali a kai. Kwamitin sashe ya zauna, na tsangaya ya zauna, aka dawo mini da kundin sau ɗaya don in jera manazarta a salo guda, sannan ya wuce sama. Daga nan sai jira, wanda ba ya hannun kowa a Gombe, domin farfesan da aka aika wa yana da nasa ɗaliban da nasa jarrabawar, wani kuma sai an tuna masa. Rahotanninsu sirri ne, ban ga ko ɗaya ba, ban kuma san wace maƙala ce ta gamsar da su ba. Takarda dai ta fito, ta ce ƙarin girman ya fara aiki daga 1 ga Oktoban shekarar da na nema, ariyas kuma sai an biya.

A lokacin jiran ne editan mujallar da ta buga maƙalata ta saran maciji ya neme ni in taimaka musu da tantance maƙalu, na amsa, na kuma tambaye shi dalilin da tsofaffin fitowarsu ba su da lambar DOI, wato adireshin dindindin da na'urori ke gane maƙala da shi su danganta ambato da ita. Ya ce kuɗi. A lokacin, hukumar Crossref mai rajistar lambobin tana karɓar kuɗin zama mamba duk shekara, sai dala ɗaya a kan kowace sabuwar maƙala, tsofaffi kuma santi goma sha biyar-biyar. Ba yawan kuɗin ne ya hana ba, a dala ake biya, asusun ƙungiyar kuma na naira ne, ga wasu tsofaffin fitowar ko a kwamfuta babu su, sai kwafin takarda a kabad ɗin tsohon sakatare. Yanzu mu uku ne muke ɗaukar hotonsu shafi-shafi a ƙarshen mako, muna shigar da sunayen marubuta da hannu, kuma duk wanda muka samu a waya sai mun tambaye shi wanne ne sunan iyalinsa kafin mu rubuta.